Yadda Ake Gina Rayuwar Bincike a Fannin Tayirod da Ƙirƙira: Jagora ga Matasanmu na Legas

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka fi sani da LUTH, a Idi-Araba yake, kuma Idi-Araba na cikin unguwannin da Hausawa suka daɗe da kafuwa a wannan birni. Duk da wannan maƙwabtaka, matar da ta fito daga cikin unguwar da kumburi a wuya, ko wadda ta taso daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, sau da yawa sai ɗanta ko ƙanenta ya yi mata tafinta kafin likita ya gane abin da ke damunta, alhali abin da ba a ji shi daidai a ɗakin duba marasa lafiya ba, ba zai shiga takardun bincike daidai ba. An rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin likitanci, ko matashin likita, ko mai digiri a kimiyyar gwaje-gwaje ko haɗa magunguna, namiji ko mace, wanda yake jin Hausa kuma yake so binciken cututtukan tayirod ya zama sana'arsa ta ilimi, tare da nazarin yadda sabuwar dabara take tasowa har ta isa ga jama'a. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, a wannan fage mutum yana yin suna ne ta hanyar riƙe tambaya guda ɗaya na tsawon shekaru da kuma tsare bayanan marasa lafiyarsa da amana, kuma ƙirƙira mai amfani daga cikin waɗannan biyun take fitowa.

Mataki na farko: ka san gaɓar kafin ka yi maganar bincike a kanta

Tayirod ƙaramar gaɓa ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 15 zuwa 25 ba. Tana ɗaukar sinadarin aidin daga jini ta haɗa homon (sinadarin da ke bin jini yana kai saƙo ga gaɓoɓin jiki) iri biyu, T4 da T3, waɗanda suke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Wata gaɓa a gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ita ke ba ta umarni ta hanyar homon TSH. Idan aikin tayirod ya yi ƙasa sai TSH ya hau, idan ya yi yawa sai TSH ya faɗi, shi ya sa ake fara gwajin jini da shi. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan duk yana cikin littafi, kuma mako guda ya isa a haddace shi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne koyon yadda ciwon yake zuwa a bakin mutanenmu. Mai yawan aikin tayirod, wanda galibi cutar Graves ce ke jawo shi, za ta ce maka gabanta yana faɗuwa ba dalili, tana ci amma tana ramewa, hannunta na rawa, ba ta iya zama a ɗaki saboda zufa, wani lokaci kuma idanunta sun firfito. Kafin ta iso gare ka wataƙila an yi mata ruƙiyya, an ce iska ce ko sammu. Mai raunin aikin tayirod kuma za ta kawo kukan kasala, jin sanyi a tsakiyar zafin Legas, bushewar fata, rikicewar al'ada, ɓari ko rashin samun ciki. Mai maƙoƙo, idan ka duba wuyanta da kyau, kana iya ganin tabon tsagar wanzami a kan kumburin, kuma wannan tabon ma bayani ne da ya cancanci a rubuta, domin yana nuna inda ta fara neman magani da tsawon lokacin da ta ɓata.

Ka koyi duba wuya da hannunka har ka ƙware. Ka zaunar da mai jinya, ka nemi izini ta sassauta mayafi ko hijabi a gaban wata mace, ka ba ta kofin ruwa ta guntsa, ka tsaya ta bayanta da yatsunka a gefen maƙogwaro, sannan ka ce ta haɗiye. Kumburin da ya yi sama tare da haɗiyar na tayirod ne. Bayan haka ka nemi wanda zai koya maka sikanin ɗin wuya da tsarin TI-RADS na tantance ƙulli, ka kuma riƙa zuwa wurin masu duba ƙwayoyin halitta ka ga yadda suke rarraba abin da aka zuƙo da siririyar allura zuwa rukuni shida na tsarin Bethesda.

Mataki na biyu: hanyar karatu

Wannan sananniya ce, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Likita yana yin shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta horon asibiti, rajista da majalisar likitoci ta MDCN, sannan bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, sai a nemi gurbin horon ƙwarewa a sashen cututtukan cikin jiki, a asibiti irin LUTH ko LASUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja. Bayan cin jarrabawar kashi na ɗaya ne ake karkata zuwa fannin cututtukan homon, kuma ba a kammala kashi na biyu sai da kundin bincike. Ana iya shigowa tayirod ta ƙofar tiyata, ko yara, ko mata da haihuwa, ko gwajin sinadaran jini. Wanda ba likita ba kuma hanyarsa digiri na biyu ne da na uku, amma dole ya sami asibitin da zai jingina da shi.

Abu biyu nake so a lura da su. Na ɗaya, kilinik ɗin cututtukan homon a ko'ina cikin ƙasar nan masu ciwon suga ne suka cika shi, kuma idan ba ka tsaya da gangan ba, ciwon suga zai cinye shekarun horonka har ka fita ba ka tara komai a kan tayirod ba. Na biyu, an daɗe ana taƙaddama a jami'o'inmu kan ko takardar ƙwarewar kwaleji ta wadatar a madadin digirin digirgir wajen ƙarin girma. Shawarata ita ce kada ka jira a gama wannan muhawara. Ka tsara kundin kashi na biyu ta yadda zai zama tubalin digirin digirgir, a kan tambaya iri ɗaya.

Mataki na uku: zaɓen malami da zaɓen tambaya

Wajen zaɓen malamin da zai jagorance ka, kada girman muƙami ya ruɗe ka. Ka binciki ɗalibansa na baya: sun gama a kan lokaci? An wallafa aikinsu? Sunan wa ya zo farko a takardar? Malamin da yake mayar da rubutunka cike da gyara cikin mako biyu ya fi maka shahararren da ba ya zama a gari.

Tambaya kuwa ita ce ginshiƙin komai, kuma a nan ne jin Hausa da sanin abincinmu da ibadarmu suke ba ka abin da wasu ba su da shi. Ga wasu fagage da nake ganin sun cancanci rayuwar mutum.

Akwai maganar gishiri. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993, kuma a tsakiyar shekarun 2000 aka amince da ita a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta cika sharuɗɗan wadata jama'a da gishiri mai aidin. Wannan nasara ce ta gaske, sai dai nasarar da ba a ci gaba da aunawa tana iya zamewa ba a sani ba. Gishirin da ake buɗe buhunsa a zuba a faranti a ƙarƙashin rana da damshin Legas, ana sayarwa da gwangwani, yana rasa aidin a hankali. Sannan akwai gishirin gargajiya irin na Keana da Awe a Nasarawa, da na Bilma da ke shigowa daga Nijar, waɗanda wasu gidaje suka fi so. Ma'aunin da ake bi shi ne gishirin da ke cikin gida ya kasance da aƙalla kashi 15 cikin miliyan na aidin, matsakaicin aidin na fitsarin yara 'yan makaranta ya kasance tsakanin maikirogiram 100 zuwa 199 a lita, na masu ciki kuma 150 zuwa 249. Auna waɗannan a gidajen Hausawan Legas, a kwatanta da na danginsu a Arewa, aiki ne da zai iya ɗaukar digiri guda cur.

Akwai maganar abinci. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana sakin sinadarin da jiki ke mayarwa tayosayanet, shi kuma yana hana tayirod ɗaukar aidin. Gero ma an danganta shi da yawan maƙoƙo a yankin Darfur na Sudan, saboda wasu sinadarai a cikinsa da ke rage aikin haɗa homon, musamman inda aidin ya yi ƙaranci. Bahaushen Legas yana shan fura da kunun gero da safe, ya ci garin rogo da rana, wato ya haɗa abincin Arewa da na Kudu a ciki ɗaya. Ban kawo wannan don a tsorata mutane daga gero ba, domin abinci ne mai albarka, na kawo shi ne don tambayar a buɗe take kuma mu ne muka fi kowa dacewa mu amsa ta.

Akwai maganar azumi, wadda ni ta fi ja hankalina. Ana shan lebotayiroksin, maganin raunin aikin tayirod, ne da ciki wayam, minti 30 zuwa 60 kafin abinci, ko da dare bayan awa uku da cin abinci, kuma ana raba shi da ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam da awa huɗu. A watan Ramadan, uwar gida da ta tashi girkin sahur ba lallai ta sami wannan tazara ba, wanda kuma ya kai zuciya nesa tun asuba ba zai so ya ƙara jira bayan kiran magariba ba. Wane lokaci ne mutanenmu suka fi iya kiyayewa, kuma yaya TSH ɗinsu yake bayan Sallah? Tun da ana jiran mako shida zuwa takwas kafin TSH ya daidaita bayan kowane canji, sai a auna kafin azumi, a sake aunawa bayansa. Bincike ne mai sauƙin kuɗi wanda amsarsa za ta shiga wa'azi da kilinik a lokaci guda.

Sai ma'aunin gwajin kansa. Iyakar TSH da ake bugawa a takardar sakamako, kusan 0.4 zuwa 4.0, yawanci daga kamfanin da ya haɗa kayan gwajin take, kuma an fitar da ita daga jinin wasu al'ummomi. Babban binciken lafiyar jama'a na Amurka ya nuna baƙaƙen fata suna da TSH ƙasa da na farare a matsakaici. A watanni ukun farko na ciki ma TSH yana sauka. Fitar da iyaka ta gida yana buƙatar aƙalla lafiyayyu 120 a kowane rukuni. Daga ƙarshe akwai jarirai: kusan ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsa da raunin tayirod, kuma idan aka fara magani a makonni biyun farko ƙwaƙwalwarsa na tsira. An fara gwajin ɗigon jinin dunduniya ga jarirai don gano wannan rauni a lardin Kebek na Kanada a shekarun 1970, mu kuwa har yanzu bai zama abin da ake yi wa kowane jariri ba.

Ka zaɓi ɗaya. Wanda ya taɓa dukansu zai tara ƙananan takardu da ba su haɗu sun zama komai ba.

Mataki na huɗu: buɗe rajista tun ranar farko

Dillalin tumatir a Mile 12 ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa wajen sanin kwando nawa aka sauke da wanda ake bi bashi, kundinsa na cikin aljihu kullum, to haka ya kamata mai bincike ya riƙi marasa lafiyarsa. Yawancin binciken da ake yi a asibitocinmu na waiwaye ne, a je ɗakin ajiyar fayil a tono na shekaru goma, sai a tarar wasu sun ɓace, wasu babu nauyin mai jinya, wasu an rubuta an tura gwaji amma babu sakamako. Maganin wannan shi ne ka tsara takarda guda mai shafi ɗaya ko biyu wadda za a cika wa duk mai ciwon tayirod da ya shigo: shekaru, jinsi, garin asali da tsawon zama a Legas, irin gishirin gida, abincin yau da kullum, lokacin da alamu suka fara, maganin da aka gwada kafin zuwa, girman maƙoƙo, sakamakon gwaji tare da sunan na'urar da aka yi da ita, magani da adadinsa, da lambar waya biyu, tasa da ta wani ɗan'uwa.

Lambar waya ta biyu ba ƙaramin abu ba ce. Mutanenmu da yawa suna tafiya gida da damina ko da Sallah su yi watanni, kuma bincike da yawa yakan mutu ne saboda rabin mutanen sun ɓace kafin ƙarshe. Ka shigar da bayanan a manhaja irin REDCap ko KoboToolbox a ranar da aka karɓe su, ka ba kowane mutum lamba a madadin suna, ka ajiye jerin sunayen a wani wuri dabam mai kulle. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora maka wannan nauyi, ko da ma babu doka, sirrin mara lafiya amana ce.

Mataki na biyar: izinin ɗa'a da shiga unguwa

Ba a ɗibar jinin kowa ko fitsarinsa don bincike sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a rubuce. Asibitocin koyarwa na Legas suna da nasu, haka ma Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba, kuma dukansu suna ƙarƙashin kulawar kwamitin ƙasa, NHREC. Ka ware watanni don wannan a jadawalinka. Idan gwajin magani ne ko na wata dabarar jiyya, ka yi masa rajista a kundin gwaje-gwajen asibiti na Afirka, PACTR, kafin mutum na farko ya shiga.

Izinin kwamiti ba ya buɗe ƙofar gida. Ka fara da Sarkin Hausawan unguwar da limamai da malaman Islamiyyar matan aure, ka yi musu bayani dalla-dalla, ka gaya musu abin da za ka yi da jinin da inda za a ajiye shi da ranar da za ka dawo da sakamako. Jama'armu suna da dalilinsu na ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da allura da takarda, domin gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau bai gushe daga zukata ba. Takardar amincewa ta kasance da Hausar da ake ji, a karanta wa wanda ba ya karatun boko da baki a gaban shaida. Cututtukan tayirod sun fi kama mata nesa ba kusa ba, saboda haka tawagar da babu mace a cikinta ba za ta yi nisa ba, kuma 'yar'uwa mai bincike tana da damar da namiji ba shi da ita.

Yadda ake magana ma yana da tasiri. Idan dattijuwa ta ce, “Likita, ni dai kada a yanka ni,” amsar da ta dace ita ce, “Hajiya, yau ba maganar yanka muke ba, jini kaɗan za mu ɗiba mu ga yadda abin ke aiki, kuma ko kin ce ba ki so, maganinki ba zai canza ba.” Jumlar ƙarshen nan ita ce zuciyar amincewa, kuma wajibi ne ta zama gaskiya. Izinin maigida yana da muhimmanci a al'adarmu, a neme shi cikin girmamawa, amma ba ya maye gurbin yardar ita matar.

Mataki na shida: ɗakin gwaji da lissafi

Ka yi duk gwajin bincikenka a na'ura ɗaya da kayan kamfani ɗaya, domin sakamakon TSH da T4 yana bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Ka ware ruwan jini da wuri, ka raba shi ƙananan kwalabe, ka daskarar a firiza mai maki 20 ƙasa da sifili, ka manna takarda a ƙofarta ana rubuta sanyinta safe da yamma, ka kuma san wanda zai tada janareta idan an ɗauke wuta ranar Lahadi. Ka tambayi kowane mutum ko yana shan ƙwayar bayotin ta gyaran gashi da fata, domin tana rikita sakamakon wasu na'urori har lafiyayye ya yi kama da mai cutar Graves. Game da lissafi, ka ga masanin ƙididdiga kafin ka tara bayanai. Adadin nan na mutum 384 da ɗalibai ke yawan rubutawa a matsayin waɗanda za su shiga bincike na auna yawan abu ne a cikin jama'a, bai dace da kowane irin bincike ba. Ka koyi manhajar R ko SPSS da kanka har ka iya gane kuskure idan wani ya yi maka.

Mataki na bakwai: haɗa aikin da nazarin ƙirƙira

Tarihin tayirod cike yake da ƙirƙira. Theodor Kocher ya mai da tiyatar maƙoƙo abin da ake tashi daga gare shi lafiya, ya karɓi lambar Nobel a 1909. Edward Kendall ya ware sinadarin tayiroksin a 1914. Saul Hertz ya fara jinyar yawan aikin tayirod da aidin mai tururin nukiliya a Boston a 1941. Rosalyn Yalow ta sami Nobel a 1977 saboda dabarar auna homon a jini komai ƙanƙantarsa. Amma darasin da ya fi shafarmu yana cikin gishiri. David Marine ya fara gwajin aidin a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka a 1917, Suwizalan ta fara sayar da gishiri mai aidin a 1922, jihar Michigan a 1924, mu kuwa sai 1993. Kusan shekara saba'in ke nan tsakanin sanin magani da isarsa gare mu, kuma ba ilimin kimiyya ne ya yi ƙaranci a tsakani ba. Doka ce, da masana'anta, da farashi, da sa ido a kan iyaka da kasuwa, da yardar jama'a. Nazarin waɗannan abubuwa shi ne nazarin ƙirƙira, kuma likitan da ya iya shi yana da daraja biyu.

A aikace, ka bi mai jinya ɗaya ɗaya daga ranar da ta fara jin alama har ranar da TSH ɗinta ya daidaita, ka rubuta kowane wuri da tafiyar ta tsaya. Za ka ga wata ta tsaya a kuɗin gwaji, wata a cunkoson hanya daga Agege zuwa asibiti don karɓar takardar sakamako kawai, wata ta daina shan kabimazol, maganin yawan aikin tayirod, da ta ji sauƙi, wata ba a taɓa gaya mata cewa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a kan wannan magani alamar haɗari ce da ke buƙatar gwajin jini nan take ba. Wata kuma tana ajiye lebotayiroksin a kicin, inda zafi da damshi ke rage masa ƙarfi. Wanda aka tura shan aidin mai tururi sau da yawa sai ya nufi Ibadan ko Abuja, kuma shi wannan sinadari rabin ƙarfinsa yana tafiya duk kwana takwas, don haka jinkiri a filin jirgi asara ce kai tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuraren tsayawa ƙofar ƙirƙira ce. Saƙon murya da Hausa ta WhatsApp mai tunatar da shan magani da alamun haɗari ƙirƙira ce, haɗa gwajin dunduniyar jariri da ranar rigakafin farko ƙirƙira ce, koya wa mata masu sayar da gishiri amfani da ruwan gwajin da ke mai da gishiri mai aidin shuɗi ƙirƙira ce. Sharaɗin kawai shi ne a auna: mutum nawa abin ya isa gare su, nawa suka ci gaba da amfani da shi bayan wata shida, nawa aka kashe a kan kowane mutum, kuma lafiyarsu ta canza ko ba ta canza ba.

Ina gargaɗi da babbar murya game da son na'ura don na'ura. A Koriya ta Kudu an yawaita yi wa lafiyayyu sikanin ɗin wuya, sai yawan sankarar tayirod da ake ganowa ya ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan masu mutuwa da ita bai canza ba. Dubban mutane aka cire wa gaɓar saboda ƙananan ƙulli da ba za su taɓa cutar da su ba, suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa. Idan wani ya kawo maka ƙaramar na'urar sikanin ta hannu ko manhajar da ke karanta hoto ya ce a zaga unguwa da ita, tambayarka ta farko ita ce me za a yi da ƙullin da aka gano, wa zai biya, kuma wa zai amfana.

Idan aikinka ya kai ga na'ura ko kayan gwaji na kanka, ka nemi abokan aiki a tsangayar injiniya ta jami'a da matasan fasaha na Yaba. Kada ka wallafa sirrin ƙirar ko ka baje ta a taro kafin ka shigar da takardar neman haƙƙin mallaka, domin bayyanawa tana iya zubar da haƙƙin. Ofishin kula da haƙƙin fasaha na jami'arka da hukumar NOTAP mai kula da samo fasaha da haɓaka ta za su nuna maka hanya, kuma ba a sayar da kayan jinya sai da rajistar NAFDAC.

Mataki na takwas: wallafawa, neman tallafi da hawa matakan jami'a

Tun kafin a fara rubutu ku zauna ku daidaita sunayen da za su fito a takarda da jerinsu, a rubuce, domin rigimar suna ta raba abokan aiki da yawa. Ka fara gabatar da sakamakonka a taron ƙungiyar masana cututtukan homon ta Nijeriya, EMSON, ka ji suka, ka gyara, sannan ka tura mujalla. Mujallar da ta aiko maka da wasiƙar yabo tana alkawarin bugawa cikin kwana uku idan ka biya, ka guje ta. Ka duba ko sunanta na cikin kundayen mujallun da aka tantance, irin PubMed ko Scopus ko DOAJ. Idan an mayar maka da takarda, ka amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Sakamakon da ya nuna dabararka ba ta yi aiki ba shi ma a wallafa shi, domin zai hana wani ɓata kuɗi.

Wajen tallafi ka fara da ƙanana na cikin jami'a, sannan asusun bincike na TETFund, sannan na waje irin Wellcome da cibiyar Fogarty ta Amurka. Masu ba da kuɗi suna son ganin bayanan farko, kuma rajistar da ka buɗe a mataki na huɗu ita za ta ba ka su. Matakan jami'a daga malami zuwa babban malami zuwa mataimakin farfesa zuwa farfesa suna tafiya ne da wallafe-wallafe da koyarwa da ɗaliban da ka yaye, don haka ka karɓi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arka tun shekarar farko ka san abin da ake ƙirgawa. Idan damar horo a waje ta samu, ka tafi da manufa takamaimai, kamar koyon zuƙo ƙwayoyin ƙulli da jagorancin sikanin ko lissafin tattalin arzikin lafiya, ka kuma bar rajistarka a hannun ƙaramin abokin aiki da ka horar, da yarjejeniya a rubuce kan wanda ke da ikon amfani da bayanan. Sakamakon kowane bincike kuma a mayar da shi unguwar da aka ɗebo shi, da Hausa, a zauren Sarkin Hausawa ko a Islamiyyar mata. Ranar 25 ga Mayu, wadda ake kira Ranar Tayirod ta Duniya, lokaci ne mai kyau na yin wannan zama, a zo da ruwan gwajin gishiri, a ce kowace mace ta taho da cokali ɗaya na gishirin da take girki da shi.